Motar Masu Shara a Ƙofar Gidanmu

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga 'yata Mahfuza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da abin da ke jikinki. Allah ya sauƙaƙa miki nauyin watannin da suka rage, ya raba ku lafiya, ya sa mu ji alheri. Mu nan muna lafiya, sai godiyar Ubangiji. Babanku yana nan yadda kika bar shi, ɓarin jikin na hagu bai motsa ba, amma bakinsa ya ɗan saki, har yakan kira ni idan yana son a juya shi. Tari ne ke matsa masa idan sanyin safiya ya sauko. Ni kuma gwiwar ce dai, yanzu a zaune nake salla, amma wanda yake iya kai goshinsa ƙasa ko da daga zaune ne bai kamata ya yi ƙorafi ba.

Kaka ta yi, sai dai ba irin kakar da kika sani ba. Gonar bakin gari kaɗai aka noma bana, ita ma sai rana ta ɗaga ake fita, kafin la'asar kowa ya dawo. Ta ƙauyen Wagini kuwa ciyawa ce ta cinye ta, ba wanda ya taka. Baffanki Mamman yana 'yan buge-bugensa a kasuwa. Matarsa Inna Turai da 'ya'yanta har yanzu suna tare da mu tun gudun da suka yo daga ƙauye, haka ma tsohuwar nan maƙwabciyarsu da jikokinta, da suka biyo su ba su san kowa a gari ba. Ban ce an takura mini ba. Wanda Allah ya bar wa rufi a kansa a wannan zamani ba shi da hujjar rufe wa ɗan'uwansa ƙofa, kuma haka na koya muku tun kuna ƙanana.

Tun da aka rufe layukan waya a wajenmu, sai yayanki Abdulmumin ya shiga Katsina sarin kayan shago yake jin muryarki ya kawo mini. Ya isar da saƙonki. Ya ce maigidanki ya yarda ki zo gida goyon ciki, ki haihu a gabana, in yi miki wankan jego kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a haihuwar fari. Amma da sharaɗi: sai an kawo kamfanin share-share daga Katsina sun wanke gidan nan tun daga zaure har banɗaki, sun yi feshin maganin ƙwari, idan ba haka ba, zai bar ki ki haihu a Abuja. Ya ce kin samo kamfani uku, kin bar mini zaɓi. Amsar wannan saƙo ce na zauna rubutawa. Ki karanta da kanki, a zaune, kada ki yi mini karatun nan naki na tsallake-tsallake, sannan ki faɗa wa maigidanki da ladabi.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da na ji saƙon raina ya ɓaci. Ni Zuwairatu, 'yar duba-gari, ni za a aiko wa masu shara? Kakanki shi ne mutumin da idan ya shigo unguwa a Safana da farar hularsa mata ke rige-rigen juye randa, don sun san sai ya ɗaga murfi ya leƙa, in ya ga tsutsa ɗaya sai maigida ya amsa kira. A hannunsa na tashi, kuma da hannunsa na rene ku. Kin tuna ba a taɓa ba ki koko da safe ba sai kin share tsakar gida kin zana ta da tsintsiya, kina kuka kina cewa za ki makara makaranta. A iya sanina mace ba ta biyan wani ya share mata inda take kwana, sai dai idan ciwo ya kwantar da ita. Na yi wannan faɗan, Abdulmumin ya sunkuyar da kai yana sha, alhali ba shi ya aiko ba. Da na huce sai na zagaya gidan na dube shi da idon baƙo, irin idon da maigidanki ya dube shi lokacin da ya zo gaida babanku. Gaskiya ɗaya ce, bai yi laifi ba. Gidan da aka gina don mutum takwas yanzu ban san adadin masu kwana a cikinsa ba. Yara ƙanana suna fitsarin kwance, tabarmin da aka kwaso daga ƙauye sun zo mana da kuɗin cizo, kwata ba ta bushewa, banɗaki ɗaya ga jama'a duka. Ni kuma da nake bi lungu-lungu da tsintsiya yanzu sai dai in nuna da baki. Namijin da ya ce ba zai kwantar da jaririnsa a cikin wannan ba, mai hankali ne, kuma ki riƙe shi da kyau. Saboda haka na haɗiye girman kaina, na ce a duba kamfanonin.

Na farkon ba ni na kira su ba. Yayanki ne ya ga zai burge ni, ya ce su zo su ga gidan tukuna. Ranar kasuwa da hantsi, lokacin da titi ya cika da mutanen ƙauyuka, sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, an zane jikinta da hoton bokiti da tsintsiyar zamani da wata mata tana goge ƙasa tana dariya har kunne. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mai shara tana irin wannan dariyar ba. Samari suka fito da riguna iri ɗaya, suka shigo da sallama, ba zan yi musu ƙarya ba, suna da ladabi, har ƙasa suka gaishe ni. Amma ɗaya daga cikinsu sai ya ciro waya ya shiga ɗaukar hoton kowane ɗaki, wai da shi za su san yawan aikin. Da ya nufi ɗakin babanku na tare ƙofa, na tambaye shi ko a gidansu haka ake yi wa dattijon da ke kwance. Ya ba da haƙuri. Duk wannan da sauƙi. Da za su tafi, yara sun kewaye motar, mata suna leƙe ta katanga, masu zaman dakali sun miƙe tsaye, sai babbansu ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya don in ji daga ciki, ya ce kada Mama ta damu da komai, Oga na Abuja ya ce a yi duk abin da ya kamata, shi ba ya duba tsada. Yaron nan yana ganin kyautatawa ya yi mini. A birni wataƙila haka ake kwantar wa tsohuwa hankali. Ni kuwa na san kunnuwa nawa ne suka ji tare da ni.

Washegari tun da safe Lami ta gidan baya ta shigo ɗiban wuta, ko da yake na ga hayaƙi na tashi a gidanta. Ta ce ashe yanzu daga birni ake ɗauko mana masu shara, in sun gama in taimaka in aro mata su su leƙa ɗakin akuyarta. Na ce mata ta fara share bakinta tukuna, muka yi dariya, ta tafi. Wannan wasa ne. Abin da ba wasa ba shi ne wanda Salmanu mai shagon tsallaken titi ya faɗa wa yayanki a ɓoye. Ya ce bayan tafiyar motar wani baƙo ya tsaya sayen sigari, ya daɗe yana jan hira, yana tambayar gidan wane ne wancan, wace 'yar ce a Abuja, mijin nata aikin me yake yi, suna zuwa gida kuwa. Salmanu ya ce masa shi bai san komai ba sai farashin sabulu. Bayan kwana biyu na lallaɓa asibiti karɓo maganin babanku, a hanya wani mutum da ban taɓa gani ba ya rage tafiya ya gaishe ni da fara'a, ya kira ni Maman ta Abuja. Shekaruna nawa a garin nan, kowa Maman Abdul yake ce mini. Na amsa gaisuwar ban waiwaya ba, amma har na iso gida ina jin idonsa a bayana. Mai yiwuwa mutumin kirki ne. Abin da zamanin nan ya yi mana ke nan, ya sa gaisuwa ma sai an juya ta an duba ƙarƙashinta.

Ke kin bar garin nan kafin abin ya kai haka, don haka bari in faɗa miki yadda yake, tunda lokacin da ake samun waya kullum lafiya lau muke ce miki. Mutanen dajin nan ba duba suke yi ba, faɗa musu ake yi. Masu kai musu labari a cikinmu suke, tare muke cin kasuwa, wataƙila sahu ɗaya a masallaci. Ba sa neman wanda ya fi kowa dukiya, wanda aka ga alama a ƙofarsa suke nema. Kin san Alhaji Yero mai hatsi. Bara da zai aurar da ɗansa ya yi wa gidansa fenti, ya sa sabuwar ƙofar ƙarfe, ba wani abu ya yi ba. Ba a rufe wata ba aka ɗauke matarsa da amaryar. Sai da ya rabu da shanunsa da gonar gado kafin su dawo, kuma matar har yau ba ta zama cikin mutane, in an gaishe ta sai ta dubi ƙasa. Yanzu fentin yana nan yana ƙyalli, gidan kuwa kamar an yi mutuwa. Idan fenti ya jawo wannan, ki auna mini farar mota mai hoto da sunan Abuja a bakin mai ita.

A cikin gida ma motar ba ta bar ni lafiya ba. Washegarin zuwanta, da gari ya waye sai na ga Inna Turai ta ƙulle kayanta a zani, ta jera 'ya'yanta a tsakar gida. Ta ce ta gane, su ne dattin da aka aiko a share, gara su koma Wagini tun kafin a zo da inji a tsotse su. Wagini da ɗakinta ko jinka babu! Na ja sandata na zauna a bakin zaure, na ce duk wanda zai fita sai ya tsallake ni. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba, na ce fushi ba ya halatta wa uwa ta kai 'ya'yanta inda ta gudo, kuma idan ta tafi wani abu ya same su, ta shirya amsar da za ta ba Allah, ba ni ba. Ta yi kuka, ta kwance kayan. Amma tun ranar take durƙushe tana dirzar siminti da toka har tafin hannunta ya tsattsage, kuma ba ta ƙara zama kusa da ni cin abinci ba. Ki koyi wannan, Mahfuza: idan da mata 'yan'uwa a gida aka ɗauko bare ya yi shara, ba a ce musu komai ba amma an gama faɗa musu magana.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, don ina son ki zo. Kamfani na biyu kin ce na wata Hajiya ne, mata zalla take ɗauka. Na tura yayanki wurinta da tambayoyina, na ce kada ya rage ko ɗaya. Su wane ne ma'aikatanta, wa ya san iyayensu, wa zai tsaya musu in wani abu ya ɓata? Za su iya zuwa a motar haya, da hijabansu na gida, kamar masu zuwa dubiya, ba riga iri ɗaya, ba hoto? Za su iya aiki da tsintsiya da bokiti kawai? Matar nan ta burge ni, don ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce matan da take aiki da su ta san gidan kowace, amma mazansu ba sa barin su bin hanyar Batsari, da ƙyar za ta samu biyu, sauran hannun sai dai a ɗauka a nan gari na yini ɗaya, kuma ba za ta rantse a kan wanda ba ta sani ba. Ta ce katifu da dardumai ba sa wankuwa sai da inji, injin kuma sai janareto tunda ba mu da wuta, ta san kuwa ƙarar janareto a unguwa irin tamu shela ce. A ƙarshe ta ce a gaishe ni, in da ita ce ni da ba ta kira kowa ba. Da a Katsina nake zaune, ita zan zaɓa ba tare da na dubi sauran ba. Kuma ke da kike ɗaukar irin waɗannan a gidanki na can, ki riƙa yi musu tambayoyin nan. Wadda ta faɗa miki abin da ba za ta iya ba, ita ce ta aminci. Mai cewa komai an gama, ki raka ta ƙofa.

Na ukun masu feshi ne, su ko doguwar magana ba mu yi ba. Sun ce sai an fito da duk abin da ake ci waje, mutane ma su bar gidan yini guda a rufe shi. Sun ɗauka hatsinmu a rumbu yake. Ba su san tun da aka fara ƙone rumbuna kowa ya shigo da abincinsa ɗaki ba. Geronmu da dawa da waken Baffanki suna bayan labule, suna ƙarƙashin gado, har gadon babanku a kan buhuna yake kwance in kika ɗaga zanin. A fito da su tsakar gida da rana tsaka, masu ɗauka suna gani, masu leƙen katanga suna ƙirgawa? Abin da muka wahala muka shigo da shi kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kara don kada a lura? Sannan a ciccibi babanku da wannan ƙirjin nasa a kai shi gidan wa, a dawo da shi cikin warin magani? Na ce yayanki ya gode musu.

Da na ga duk ƙofofin sun rufe sai na ce mu yi da hannunmu. Na zauna a kujera a tsakar gida ina ba da umarni kamar shugabar makaranta. An tafasa ruwa an kwarara wa gadaje da tsagar bango, an shanya tabarmi da katifu har suka yi zafin taɓawa, an ƙone waɗanda ba su gyaruwa, an zuba toka a masai, an buɗe kwata. Ɗakinki na da, wanda buhuna suka cika, muka kwashe su muka raba a sauran ɗakuna, Turai ta goge shi har sau uku ba wanda ya sa ta. Na sa an ɗinke labule. Itacen dafa ruwan wanka ma na fara tarawa a bayan madafa, duk da tsadarsa yanzu da ba mai shiga daji. Ba zan ce ya kai aikin inji ba, amma ko kakanki ya dawo ya ɗaga murfin randarmu ba zai samu abin rubutawa ba.

Wannan ciki ke nan. Waje kuwa, ni da bakina na hana a share. Na ce daga bakin zaure zuwa titi kada tsintsiya ta ƙara taɓawa. Kashin awaki yana nan, ledoji sun maƙale a gindin katanga, tsagar da ruwan bana ya yi wa bango na hana a liƙe, ƙofar da ta karkace na ce a bar ta a karkace. Ina so duk wanda ya wuce ya ce wannan gidan ba mai tura musu komai. Rannan wata tsohuwa 'yar Safana da ta san mahaifina ta zo dubiya, ta tsaya a ƙofa tana ɗage zani tana tsallake ƙazanta, ta ce ashe 'yar duba-gari ma takan gaji. Na haɗiye. Na yi shekara da shekaru ina yi wa matan unguwar nan wa'azin shara, yau ga ni ina kiwon datti a ƙofata kamar abin gado, ina shiga ta cikinsa kaina a ƙasa. Ban san wani hukunci da ya fi wannan dacewa da mai baki irina ba, kuma na karɓa.

To amma na zauna na yi tunani, na yi istihara, na ga dattin ƙofa ba zai goge abin da aka riga aka ji ba. Don haka ga amsata, kuma ba shawara ba ce. Ban zaɓi ko ɗaya daga cikin kamfanonin ba, kada a ƙara turo mini kowa. Na san abin da wannan ke nufi a wurin maigidanki, kuma na yarda da hukuncinsa. Ƙari a kan haka, ko shi ya sauko ya ce ya janye sharaɗin, ni ban janye ba: kada ki zo. Na san halinki, za ki yi masa kuka har ya ɗauko ki, to ki sani in kika iso tashar Katsina zan sa yayanki ya juya da ke. Baƙo na yini ɗaya yana ɓoyuwa, mai jego ba ta ɓoyuwa. Hayaƙin ruwan wanka zai tashi safe da yamma har kwana arba'in, 'yan barka za su yi ta shiga da fita, ranar suna dangin mijinki za su jera motoci a ƙofar da aka riga aka nuna. Duk garin zai san ta Abuja tana ciki. Idan ana gudu, Turai takan goya ɗaya ta ja ɗaya, yara su haura katanga. Ke da ɗanyen jiki da jariri a hannu ina za ki? Ni da sanda zan tare miki? Na reni 'ya'ya na ga jikoki ta wajen maza, amma ke kaɗai ce mace, tun kina 'yar mitsitsiya nake jiran ranar da zan tsoma ganye a ruwan zafi in yi miki abin da uwata ta yi mini. Ba wanda zai gaya mini girman abin da na ajiye. Amma uwar da ta sa 'yarta a hatsari don ta cika burinta, son kanta take yi, ba son 'yar ba.

Za ki ce to ni in taho. Na juya wannan ma. Babanku ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa, in Turai ta miƙa masa cokali sai ya datse baki ya kau da kai, kuma akwai gyaran jikinsa da ba ya halatta wata mace ta yi. Ba ya ɗaukuwa a wannan hanyar, ni kuma ba na barinsa. In na fita na kwana arba'in, gidan nan da hatsinsa da mutanensa ba mai riƙewa. Na faɗa masa abin da na yanke. Ya daɗe yana kallona, ya yi ta ƙoƙarin haɗa sunanki bakin ya ƙi, daga baya ya ɗaga hannun mai lafiya ya dafa nawa. Na ɗauka ya yarda.

Na rubuta wa ƙanwata Mairo ta Suleja, ita za ta zo ta zauna da ke ta yi miki wankan. Ki bi ta kamar yadda za ki bi ni. Kada in ji kin ce ruwa ya yi zafi, kada in ji kin tsallake na yamma don kina kallon talabijin. Kunun kanwa ki sha, amma na gaya mata ta rage kanwar, likitoci sun yi gaskiya a kan wannan, kuma duk abin da asibiti suka hana kada ta ce al'ada. Yajin jego ni zan daka shi da hannuna ko da a zaune ne, Abdulmumin zai ba direba a Katsina. Kuma tunda ku mutanen birni komai sai kamfani, kada in ji an ɗauko miki kamfanin wankan jego. Ki gode wa maigidanki ƙwarai, ki ce na ga kyakkyawar niyyarsa, Allah ya saka masa. Ki roƙe shi abu ɗaya: kada ya huce haushi da aike. Ba fenti, ba buhun shinkafa a bayan mota, ba ragon suna. Mafi girman alherin da zai yi mana yanzu shi ne garin nan ya manta da shi.

Babanku yana sa miki albarka. Baffanki Mamman da Inna Turai suna gaishe ki, ita ta ce in faɗa miki ba ta riƙe ki da komai ba, ko da yake ni ce na sa ta faɗa. Abdulmumin da matarsa Baraka da yaransu suna gaisuwa, haka Lami. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki Hajiya, ki ce na ba ta amanarki. Ki gaida Mubaraka ƙanwar mijinki da ke taya ki aiki, ki kuma riƙa yi mata godiya da baki, ba a raina hannun da ke taimako.

Idan Allah ya sauke ki lafiya, kada a aiko kowa. A faɗa wa yayanki in ya shiga Katsina, shi zai zo ya raɗa mini. Ba za a yi shela ba, ba za a raba goro a unguwa ba. Zan shiga ɗaki in rufe ƙofa, in faɗa wa babanku a kunne, sannan in danne bakina da mayafi in yi guɗata.

Allah ya tsare ki, ya tsare abin da kike ɗauke da shi, ya kawo mana ƙarshen wannan zama. Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Zuwairatu.